Kalazar a Basunda da kudancin Gadarif: abin da majinyaci ya kamata ya sani game da magungunanta

A ƙauyukan ƙaramar hukumar Basunda, da ke kudancin jihar Gadarif a bakin iyakar Sudan da Habasha, ƙarshen damina lokacin yankan riɗi ne da jiran dawa ta nuna. A wannan lokacin ne kuma ake fara ganin yara da samari masu zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya. An sha ƙwayoyi, an yi allurai, mako biyu ya wuce, na uku ya shigo, jiki sai ramewa yake yi, ciki kuma yana ƙara fitowa. Mutanen yankin sun san sunan wannan ciwo, shi ne kalazar.

Kalazar tana warkewa idan an kama ta da wuri. Sai dai magungunanta masu ƙarfi ne ƙwarai, wasunsu na iya taɓa zuciya ko ƙoda ko ji, wasu kuma na iya cutar da ɗan da ke ciki. An tsara wannan bayani ne domin majinyata da masu jinyarsu, da kuma ƴan uwa mazauna wasu ƙasashe waɗanda ake kira a waya a ce su turo kuɗin magani. Ba ya maye gurbin likita, amma zai taimaka a san abin da za a tambaye shi, da abin da bai kamata a ɓoye masa ba.

Mece ce kalazar?

Kalazar cuta ce da wata ƙwayar halitta mai suna Leishmania donovani ke haddasawa. Sunan ƙwayar ya fito ne daga likitoci biyu, William Leishman da Charles Donovan, waɗanda suka bayyana ta a 1903. Kalmar kalazar kuwa daga Indiya ta zo, ma'anarta baƙin zazzaɓi. A Sudan an fara tabbatar da cutar a 1904.

Mai yaɗa ta wani ɗan ƙaramin ƙwaro ne da ake kira ƙudan rairayi, wanda tsawonsa bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba. Ba ya ƙara kamar sauro, kuma yana iya ratsa gidan sauro mai manyan idanu. Macen ce ke cizo, daga faɗuwar rana zuwa cikin dare. Bayan cizon, ƙwayar cutar kan zauna a saifa da hanta da ɓargo, kuma sau da yawa sai bayan wata 2 zuwa 6 alamomi ke bayyana.

Alamomin sun haɗa da zazzaɓin da ya wuce mako biyu, kumburin saifa a ɓangaren hagu na ciki, rama, kasala, ƙarancin jini, fitowar kaluluwa, wani lokaci da haɓo da gudawa da tari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 95 cikin 100 na waɗanda cutar ta bayyana a jikinsu suna mutuwa idan ba a yi musu magani ba. Ta kuma ƙiyasta cewa mutum 50,000 zuwa 90,000 ne ke kamuwa a duniya kowace shekara, kuma a ƴan shekarun nan mafi yawan waɗanda ake samun rahotonsu suna gabashin Afirka ne. Tsakanin 1984 da 1994, a yammacin yankin Upper Nile da ke cikin Sudan ta Kudu a yau, an ƙiyasta cutar ta kashe mutum kusan 100,000 a lokacin yaƙi, saboda babu magani a kusa.

Me ya sa ta fi yawa a Gadarif?

Gadarif ce cibiyar kalazar mafi girma a Sudan, musamman ƙauyukan da ke bakin kogin Rahad da kogin Atbara da kan iyakar Habasha. Dalili yana cikin ƙasar kanta. Baƙar laka ce mai tsagewa da rani, wadda ta sa jihar ta zama rumbun dawa da riɗi, kuma a cikin waɗannan tsagogi ne ƙudan ke ɓuya da rana. Yana son dajin dushe, wanda ake kira talha a Sudan, da na aduwa. Ya fi yawa daga watan Maris zuwa Yuni, lokacin da zafi ke sa mutane kwana a waje. Shi ya sa wanda aka ciza da bazara yakan kwanta ne bayan damina, kuma asibitoci sukan fi cika daga kaka zuwa tsakiyar hunturu.

Hausawa na daga cikin mazauna wannan yanki tun da daɗewa. Wasu zuriyar mahajjatan ƙafa ne da suka yada zango a hanyar Makka, wasu kuma jikokin waɗanda suka yi hijira zuwa gabas ne bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Mai Wurno ya jagoranci jama'a har bakin kogin Nilu. Noma da su suka zaunar da da yawansu a bakin koguna, wato a daidai inda cutar ta fi ƙarfi. Haka ma ƴan ƙwadago da ke shigowa daga Habasha ta Gallabat da Metema, da ƴan gudun hijirar da suka kwararo jihar tun bayan ɓarkewar yaƙi a ranar 15 ga Afrilu 2023. Baƙon da bai taɓa zama a yankin ba ya fi saurin kamuwa, domin jikinsa bai san cutar ba.

Gwaji kafin magani

Kalazar tana kama da maleriya da taifot da tarin fuka a farkonta. Wani bincike da aka buga a 2018 kan kudancin Gadarif ya nuna cewa iyalai da yawa sukan zagaya wurare daban-daban, suna sayen magani iri-iri, kafin a gano ainihin abin da ke damun majinyacinsu, kuma lalacewar hanyoyi da damina na ƙara jinkirta su.

Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya ke bi mai sauƙi ce. Duk wanda ya zauna a yankin cutar, ya yi zazzaɓi fiye da mako biyu tare da kumburin saifa ko kaluluwa ko rama, kuma gwaji ya nuna ba maleriya ba ce ko an yi maganinta bai ji sauƙi ba, to a yi masa gwajin kalazar. Akwai gwajin gaggawa mai suna rK39 da ake yi da ɗigon jinin yatsa, akwai wani gwajin jini mai suna DAT, akwai kuma ɗibar ruwan kaluluwa ko ɓargo a duba da madubin likita. Idan gwajin gaggawa bai nuna komai ba alhali alamomi na nan, ba a tsayawa a nan, sai a yi na gaba, domin a gabashin Afirka yakan kuskure wasu masu cutar.

Kafin allurar farko, ya kamata a auna nauyin majinyaci a kan sikeli, a duba yawan jininsa, a yi gwajin ƙanjamau, mace kuma a yi mata gwajin ciki. Sakamakon waɗannan ne ke nuna wane magani ya dace da shi. Majinyacin da ya ƙi su saboda kunya yana iya jawo a ba shi maganin da jikinsa ba zai ɗauka ba.

Magunguna huɗu da illolinsu

*Allurar SSG.* Cikakken sunanta sodium stibogluconate, an kuma san ta da sunan Pentostam. An yi ta ne da sinadarin antimoni, dangin wanda ake samu a wani nau'in tozali, kuma ta shafe shekaru da dama ita ce babban maganin kalazar. Ana lissafa ta da nauyin jiki, miligiram 20 ga kowane kilo a kullum. Yaro mai kilo 20 yana samun mililita 4, babba mai kilo 50 kuma mililita 10, shi ya sa ƙiyasta nauyi da ido ke da haɗari. A da ita kaɗai ake yi har kwana 30.

Illolin da aka saba gani su ne zafin wurin allura, ciwon gaɓoɓi da tsoka, tashin zuciya, rashin son abinci da ɗanɗanon ƙarfe a baki. Masu haɗari biyu ne. Na farko, tana iya rikita bugun zuciya har mutum ya faɗi nan take. Na biyu, tana iya kumbura fankiriyas, wato gaɓar da ke bayan tumbi mai samar da insulin, kuma alamarsa amai marar tsayawa da matsanancin ciwon ciki. Tana kuma iya taɓa hanta da ƙoda. Kwinin shi ma yana taɓa bugun zuciya, saboda haka ba a son haɗa su, kuma mai maleriya tare da kalazar sai likita ya zaɓar masa wani maganin.

*Allurar paromomycin.* Ita dangin gentamicin da streptomycin ce. Bayan gwaje-gwajen da aka yi a Sudan da Habasha da Kenya da Uganda, ƙarƙashin haɗin gwiwar masu bincike na LEAP da aka kafa a Khartum a 2003 tare da ƙungiyar DNDi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2010 cewa a riƙa haɗa ta da SSG na kwana 17. Haɗin ya warkar da kusan kashi 91 cikin 100 a gwajin, ya kuma rage zaman asibiti da kusan rabi. Duk da haka allura biyu ce a kullum, 34 ke nan kafin a gama.

Illarta ta fi shafar kunne da ƙoda. Wanda ya ji kunnensa na ƙara, ko jinsa ya ragu, ko jiri na ɗibarsa, ya faɗa a ranar. Iyaye su lura idan yaro ya daina juyowa in an kira shi. Yawanci jin kan dawo idan an lura da wuri. Kada a bari wani ya ƙara wa majinyaci allurar gentamicin a gefe, domin illarsu iri ɗaya ce, haɗuwarsu kuma tana ninka ta.

*AmBisome.* Wannan ana ba da shi ne ta ƙarin ruwa a jijiya, a hankali, sau da yawa cikin kwanaki. Shi ake zaɓa wa masu juna biyu, da ƙananan yara sosai, da waɗanda suka haura shekara 45, da masu ƙanjamau, da waɗanda ciwo ya ci ƙarfinsu ko suke da matsalar zuciya, hanta ko ƙoda. Lokacin da ruwan ke shiga akan ji sanyi da rawar jiki ko ciwon baya, kuma sau da yawa rage gudun ruwan kan wadatar. Yana iya rage sinadarin fotasiyom a jini, wanda ke kawo raunin tsoka, yana kuma iya taɓa ƙoda. Ba ya jure zafin da ya wuce digiri 25, don haka kwalbar da ta yi tafiya a aljihu ko a bayan mota cikin zafin Gadarif ba abar amincewa ba ce.

*Miltefosine.* Shi kaɗai ne na sha a cikinsu. Yakan sa amai da gudawa, musamman a makon farko, kuma shansa tare da abinci na rage hakan. Idan an yi amai jim kaɗan bayan sha, a sanar da ma'aikaci maimakon a ƙara wani da kai. Babban haɗarinsa shi ne yana iya nakasa ɗan da ke ciki. Mai ciki ba ta shan sa, kuma macen da za ta iya ɗaukar ciki dole ta kasance kan ingantaccen tsarin tazarar haihuwa lokacin sha da wata 5 bayan gamawa, saboda maganin na daɗewa a jiki. Wannan magana ce da ya kamata miji ya ji daga bakin likita tare da matarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kuma yi gargaɗi kan ciwon ido da aka gani a wasu masu shan sa na tsawon lokaci a kudancin Asiya. Duk wanda idonsa ya yi ja, ko yake zafi, ko ganinsa ya dushe, ya koma asibiti nan da nan.

A 2022 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a ƙasashen nan huɗu, har da cibiyar Doka da ke kan hanyar Gadarif zuwa Gallabat, mai ɗauke da sunan Farfesa Ahmed Mohamed El-Hassan na Jami'ar Khartum. Ya nuna cewa haɗa miltefosine da paromomycin na kwana 14 yana warkarwa daidai da tsohon haɗin, da allura ɗaya kawai a kullum, ba tare da SSG ba.

Masu ciki da masu ƙanjamau

A asibitin Um el Kher na jihar Gadarif, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi aikin kalazar tun tsakiyar shekarun 1990, an bi bayanan mata 39 masu ciki da aka yi wa magani, aka buga sakamakon a 2006. Cikin mata 23 da aka yi wa SSG kaɗai, 13 sun yi ɓari. Cikin waɗanda aka ba AmBisome babu wadda ta yi. Darasin a fili yake: macen da al'adarta ta yi jinkiri ko da ƴan kwanaki ne ta faɗa kafin a fara allura. Barin cutar ba magani kuma ya fi komai haɗari ga uwa da ɗa, saboda haka ciki ba dalilin ƙin zuwa asibiti ba ne.

Mai ƙanjamau kuwa SSG ta fi yi masa illa nesa ba kusa ba, kuma kalazar ta fi dawo masa. Tun 2022 shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ga gabashin Afirka ita ce a haɗa masa AmBisome da miltefosine, ya kuma ci gaba da shan maganin ƙanjamau ba fashi. Wanda ya san yana ɗauke da ƙwayar ya gaya wa likita a keɓe, sirrinsa amana ce a wurin ma'aikacin lafiya.

Alamomin da ba a jira da su

Mai jinya ne ke kwana da majinyaci, shi ke fara ganin canji. A kira ma'aikaci a take, ko da tsakar dare ne, idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- bugun zuciya da sauri ko a hargitse, ciwon ƙirji, ko suma
- amai a kai a kai ko ciwon ciki mai tsanani
- idanu sun yi rawaya kamar na mai shawara
- fitsari ya ragu sosai, ko ƙafafu da fuska sun kumbura
- haɓo da ya ƙi tsayawa, jini a dasashi, ko baƙin bayan gida
- numfashi da ƙyar, ruɗewa, ko yawan barci marar dalili
- ƙurji mai zafi a wurin allura

Faɗar illa ba ta sa a kori majinyaci. Likita na iya dakatar da allura na kwana ɗaya ko biyu, ko ya sauya magani. Abin da ke kashewa shi ne a yi shiru, ko a ɗauke majinyaci a koma gida.

Allurar gida da jabun magani

A ƙa'ida, maganin kalazar kyauta ne a cibiyoyin da aka keɓe. Abin da ke cin kuɗin iyali shi ne mota da abinci da wasu gwaje-gwaje, da barin gona kwana 17 a tsakiyar girbi. Wannan nauyi ne ke sa wasu su sayi kwalbar SSG a bayan fage, su nemi mai allura a unguwa ya yi ƴan kwanaki, zazzaɓi na sauka a daina. Haɗarin hakan uku ne. Ba a tabbatar da cutar ba, ƙila ma wani ciwon ne daban ke ci gaba da cin mutum. Ba a auna nauyi ba, ana iya zarce kima a taɓa zuciya. Ba a kuma cika kwanaki ba, cutar za ta dawo ta fi wuyar magani. A jihar Bihar ta Indiya irin wannan rabin magani na daga cikin abin da ya sa SSG ta daina aiki ga mafi yawan majinyata, har aka bar amfani da ita a can.

Sai kuma batun ingancin abin da aka saya. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane magani 10 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita jabu ne ko marar inganci. A Bangladesh a 2008 an raba wa masu kalazar wasu ƙwayoyi da sunan miltefosine, bincike ya nuna babu ko ɗigon maganin a cikinsu. Masu karatu a Najeriya ba su manta da My Pikin ba, ruwan maganin haƙoran yara da ya kashe yara 84 tsakanin 2008 da 2009, haka ma yara kusan 70 da suka mutu a Gambiya a 2022 bayan shan gurɓataccen maganin tari. A Sudan, yaƙi ya tarwatsa manyan rumbunan magani da masana'antun Khartum, kuma duk inda magani ya yi ƙaranci kasuwar bayan fage ce ke cike gurbin.

Arha ba ita ce alamar jabu ba. Wani gwaji da MSF ta yi a Sudan, wanda aka buga a 2000, ya nuna SSG mai arha ta wani kamfanin Indiya tana aiki daidai da Pentostam mai tsada. Abin dubawa shi ne ta wace hanya maganin ya zo. Ɗan uwan da ke Kano ko Maraɗi ko Jidda da aka nemi ya taimaka, gara ya biya kuɗin mota da abincin jinya a kai majinyaci cibiya, da ya sayi kwalba ya aiko.

Tsaga ko lalas a kan saifa ba sa rage kumburinta. Mai kalazar jininsa ya yi ƙasa, ba ya saurin daskarewa, garkuwar jikinsa kuma ta yi rauni, don haka ƙaramin rauni na iya zama babban ciwo. Wanda ya sha jiƙo ko sassaƙe ya faɗa wa likita abin da ya sha. Hana majinyaci nama ko ƙwai ko madara ba shi da tushe, abinci mai gina jiki na daga cikin maganin.

Bayan sallama

Zazzaɓi kan sauka cikin makon farko na magani, saifa kuma tana ɗaukar makonni ko watanni kafin ta koma daidai. Ana so a koma a duba majinyaci har zuwa wata 6, kuma a koma tun kafin lokacin idan zazzaɓi ko rama sun dawo. A riƙe katin sallama da kyau, domin shi ke nuna wane magani aka yi da kwana nawa. Gwajin rK39 da na DAT kan ci gaba da nuna alama shekaru bayan an warke, saboda haka ba a dogara da su wajen cewa cutar ta dawo. Wanda ya taɓa yin kalazar ya faɗa tun farko, kada a sake yi masa allurai 34 a banza.

A Sudan, da yawa daga cikin waɗanda suka warke sukan ga ƙananan ƙuraje ko tabo sun fito a fuska, musamman kewayen baki, cikin wata 6 na farko, wani lokaci su bazu zuwa ƙirji da hannuwa. Likitoci na kiran wannan PKDL. Ba kuturta ba ce, kuma mafi yawansu kan baje da kansu cikin shekara guda. Idan sun yi yawa, ko sun shiga baki ko hanci ko ido, ko sun daɗe ba su tafi ba, akwai magani a cibiya. Kada a shafa musu man bilicin ko man da ke da kotizon.

Ƙa'idoji ga kowane irin magani

Waɗannan sun shafi mai kalazar da wanda ba shi da ita, ko a saidaliyya ya sayi magani a Gadarif, ko a kemis a Kano, ko a farmasi a Yamai.

- A nuna wa likita duk abin da ake sha, da kwalinsa in da hali, har da na gargajiya.
- Ga zazzaɓin da ba a san asalinsa ba, farasitamol ya fi aminci. Asfirin da ibuprofen da diclofenac na ƙara haɗarin zubar jini ga mai kalazar da mai zazzaɓin dengi, wanda ya addabi Gadarif a 2023.
- Babba mai ƙoshin lafiya kada ya wuce ƙwaya 8 na farasitamol mai miligiram 500 cikin awa 24. Ramamme da mai ciwon hanta nasu bai kai haka ba, yara kuma da nauyinsu ake lissafawa.
- Ƙwayoyin ƙiba irin su dexamethasone, waɗanda wasu ke kira sha-ka-fashe, suna danne garkuwar jiki su ɓoye zazzaɓi. Ba a ba ramammen majinyaci su don ya yi kumari.
- A duba ranar ƙarewar aiki, a guji ƙwayoyin da aka zube a leda ba suna. A ajiye magani a inuwa, nesa da yara, domin yawancinsu ba a so su wuce zafin digiri 25 zuwa 30.
- Kowace allura da sabon sirinji, a buɗe shi a gaban majinyaci.
- Kada a tsallake magani saboda azumi. Marar lafiya yana da rangwame ya rama daga baya.
- Duk illar da ba a saba gani ba a kai rahotonta asibiti. Daga nan ne hukumomi irin su Hukumar Magunguna da Guba ta Sudan ko NAFDAC a Najeriya ke gano gurɓataccen kaya su janye shi.

Rigakafi

Har yanzu babu allurar rigakafin kalazar. Abin da ke hannun iyali shi ne kwana cikin gidan sauro mai ƙananan idanu kuma mai magani, ko da a tsakar gida aka kwana, musamman daga Maris zuwa Yuni, da rufe jikin yara da yamma, da guje wa shimfiɗa a ƙasa kusa da dajin dushe da aduwa. Kai marar lafiya asibiti da wuri shi ma kariya ce ga sauran ƴan gida, domin ƙudan na iya ɗaukar ƙwayar daga jikinsa ya kai wa wani.

A watan Oktoba 2023 Bangladesh ta zama ƙasa ta farko da aka tabbatar ta kawar da kalazar a matsayin matsalar lafiyar al'umma, kuma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da irin wannan shiri ga ƙasashe 9 na gabashin Afirka, ciki har da Sudan da Habasha da Chadi. Wanda ya yi aikin gona a Gadarif ko Metema ya koma garinsu a wata ƙasa, idan zazzaɓi ya kama shi ya wuce mako biyu, ya gaya wa likita inda ya zauna a watannin baya. A wuraren da ba a saba ganin cutar ba, wannan bayanin ne zai sa a tuna da gwada ta.